Tambarin Ciniki na Adalci da Manomin Koko

Fiye da rabin kokon da ake yin cakulan da shi a duniya yana fitowa ne daga Gana da Kwaddibuwa. Duk da haka, manomin da ya shuka shi ya sha wahalar shanya shi, ɗan ƙaramin kaso kawai yake samu a cikin kuɗin. Don rage irin wannan rashin adalci aka ƙirƙiro tambarin Fairtrade, wato ciniki na adalci, wanda ake bugawa a jikin kaya.

Kamfanin da yake son wannan tambari dole ya cika sharuɗɗa. Zai sayi kokon a kan farashin da ba zai gaza wani mizani ba, ko da kasuwa ta faɗi. A shekarar 2019 an sa mizanin a kan dala 2,400 kowane tan, da ƙarin dala 240 da ake ba ƙungiyar manoma. Su ma manoman an hana su sa yara aikin da zai cutar da su, kuma masu bincike suna zuwa su duba gonaki.

A ganina, babban amfanin tsarin shi ne yadda yake haɗa kan manoma. Dubi ƙungiyar Kuapa Kokoo da aka kafa a Gana a 1993. Manoma sun daɗe suna kukan ana tauye musu awo a sikeli. A wannan ƙungiya, su da kansu suke zaɓen mai awo a ƙauyensu. Su ne kuma suke zama su yanke shawarar abin da za a yi da ƙarin kuɗin: rijiyar burtsatse, ko ajin makaranta. A 1998 har sun zama masu hannun jari a kamfanin cakulan Divine na Ingila.

Masu suka suna cewa tambarin bai fitar da manoma daga talauci ba. Maganarsu tana da hujja, domin ƙungiyoyi da yawa ba sa samun masu sayen duk kokonsu a kan wannan farashi, ga kuma kuɗin bincike da suke biya. Amma manomin da ya ga awon kayansa da idonsa, kuma yake da ƙuri'a a taro, ya fi wanda yake ciniki shi kaɗai ƙarfi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata a faɗaɗa wannan tsari, kamfanoni kuma su ƙara yawan kokon da suke saya a ƙarƙashinsa.