Gyaran masaukin baƙi: a ba kamfani ɗaya, amma a ɗaure shi da takarda

Duk wanda ya mallaki masaukin baƙi a Kano, Kaduna, Zariya ko Sakkwato, ranar da gyara ya kama shi hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya tara masu aikin hannu da kansa, ya riƙa zarya zuwa Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei yana sayo kaya, ko kuma ya damƙa aikin baki ɗaya ga kamfani guda, tun daga kwanon rufi har zanin gado. Yawancin mutanenmu ta farkon suke bi, saboda suna ganin ta fi rangwame, kuma idonsu na kan kowace naira. Na yi shekaru ina manajan wani ƙaramin masauki a Zariya, na ga gyara iri biyun, kuma ni dai ina bayan ta biyun, bisa sharuɗɗan da zan kawo.

Abin da mai gida yakan manta shi ne masauki ya sha bamban da gidan da yake kwana. Gidanka kana iya gyara falo bana, ka bar kicin sai baɗi, iyali su yi haƙuri. Ɗakin haya kuwa kowane dare haja ce da ba a ajiye ta. Daren da ɗaki ya kwana a rufe, kuɗinsa ya tafi ke nan. Ba a nan asarar ta tsaya ba, domin ƙura da ƙarar guduma suna korar wanda ke ɗakin da ba a taɓa ba, kuma baƙon da ya tafi ya samu wani wuri mai ruwan zafi da shiru, da wuya ya waiwayo. Sana'ar nan tana da ranakunta: hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, baje kolin Kaduna, bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, da ƙarshen makon da ake ɗaurin aure. Wanda gyaransa ya zarce ɗaya daga cikin ranakun nan ya yi asarar da ta fi ragin da ya samu a kan kwalin tayil.

Sai batun da ya fi damuna, wato wanda za a kama idan abu ya lalace. Ɗauki banɗaki ɗaya a hawa na biyu. Mai famfo ne ya binne bututu, birkila ya rufe, mai tayil ya shimfiɗa, mai silin ya yi nasa a ɗakin ƙasa. Bayan wata uku sai ka ga silin ya jiƙe, fenti yana kumbura. Ka kira mai famfo, ya ce shi ya gwada layinsa lafiya lau, mai tayil ne bai yi wa ƙasa gangara ba. Mai tayil ya ce haka ya tarar da daɓen. Birkila kuma ya tafi wani aiki a Abuja, wayarsa ba ta shiga. Na tsaya a tsakiyar irin wannan musu, kowa yana rantsuwa, kuma mai yiwuwa kowa gaskiyarsa yake faɗa, domin babu wanda aka ɗora wa nauyin haɗa aikin wancan da na wannan. Daga ƙarshe aljihun mai masaukin ne ya sake biyan tayil ɗin da aka fasa. Haka ma jerin aiki: mai fenti ya gama, sai mai wayarin ya tuna akwai soket ɗin da bai sa ba, a sake sarar bango. Idan kamfani ɗaya ne, wannan rigimar tasu ce ta cikin gida. Kai lamba ɗaya kake kira, kuma amsa ɗaya kake jira.

Hauhawar farashi ta ƙara wa wannan magana ƙarfi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kayan gini ba su zauna wuri ɗaya ba. Buhun siminti da ake saye wajen naira dubu 5 a 2023 ya haura dubu 10 a garuruwa da dama cikin Fabrairun 2024. Mai sayen kaya kaɗan-kaɗan, gwargwadon cinikin mako, shi ya fi shan wannan bulala, har yakan koma kasuwa ya tarar launin tayil ɗin da ya fara da shi ya ƙare, ɗakuna su fito kowanne da kamarsa. Kamfanin da ya san aikinsa yakan sayi manyan kaya a tashi ɗaya tun farko. Mafi muni shi ne kuɗi su yanke a tsakiya, wuri ya zauna a rufe ba ranar buɗewa. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, rikicin mallaka ne ya rufe shi shekara da shekaru, dalilinsa daban ne, amma duk wanda ya wuce ta gabansa kafin a rushe shi a Janairun 2020 ya ga yadda gini ke mutuwa idan ba kowa a ciki.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga amfanin ɗora aiki a wuya ɗaya. Da Yamai za ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yulin 2019, kamfanin Summa na Turkiyya ne ya ɗauki sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani da gina otal ɗin Radisson Blu, kuma an buɗe su kafin shugabanni su iso. Mai ɗaki 20 a Tudun Wada ba zai kira irin wannan kamfani ba, amma dabarar ɗaya ce: rana tsayayya, da wanda zai amsa idan ta wuce.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Ƙasar nan cike take da kamfanonin jaka, mai kati da hotuna masu ƙyalli a Facebook, wanda da ya karɓi kafin alƙalami zai je ya ɗebo su birkilan da kai ma ka sani, ya ɗora ribarsa a kai. Maganin wannan bincike ne da takarda. A duba rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. A tambayi sunan injiniyansa da mai zanensa, a tabbatar suna cikin rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN da ta masu zanen gini ta ARCON. Abin da ya fi duk waɗannan, a ce ya nuna masaukin da ya gyara wanda ya ci damina biyu, mai gida ya je ya kama ɗaki ya kwana. Ya buɗe shawa, ya ga inda ruwa ke bi, ya shinshina cikin kabad, ya yi hira da mai shara. Ita ta san ɗakin da ke yoyo.

Kada kuma a yarda da farashin dunƙule, a ce ɗaki kaza naira kaza. A rubuta komai dalla-dalla: kaurin waya, sunan fenti da yawan shafe, irin katifa, ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki. Mai gida ya ɗauki nasa masanin ƙiyasin gini, wanda ba ya cin albashin kamfanin, shi zai auna abin da aka yi kafin a saki kuɗi. Ladansa kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da yake tsarewa. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 da farko kashi 15 cikin ɗari ta ƙayyade a matsayin kuɗin soma aiki, don haka ban ga dalilin da ɗan kasuwa zai miƙa rabin kuɗinsa kafin a kafa tsani ba. A biya mataki-mataki, a riƙe kashi 5 cikin ɗari kamar yadda aka saba a kwangilar gini, kuma wa'adin gyara kuskure ya haɗa da damina guda cikakkiya. Rufin da aka miƙa a watan Disamba, sai ruwan Agusta ne zai ba da shaida a kansa. A sa tarar jinkiri a rubuce. A fara da ɗaki ɗaya na gwaji, a gama shi tsaf har labule, sannan a bi sauran ɓangare-ɓangare don kada ciniki ya tsaya cak.

Akwai abin da kamfani ba zai sani ba sai ka gaya masa, musamman idan daga nesa ya zo da littafin hotunansa. Baƙonmu da buta yake shiga banɗaki, kuma yana alwala sau da yawa a yini. Yana bukatar famfo na ƙasa, da daɓe mai gangara wanda ba ya santsi, da wurin ajiye ƙafa. Bahon wanka mai tsada a nan ƙura kawai yake tarawa. Kafet daga bango zuwa bango, tsakanin ƙurar hunturu da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ba ya shekara bai fara wari ba. A bar fili na shimfiɗa sallaya, a sa alamar alƙibla, a lura da inda masai ya fuskanta. Mai zuwa da iyali yana son labule mai kauri da ƙofar da ba ta kallon wurin zaman maza. Waɗannan ba su da tsada idan tun a zane aka sa su.

Kuma ina roƙon masu masauki su daina fara kashe kuɗi a kan abin da ido ke gani. Fitilu masu launi da adon silin su ne na ƙarshe. Rufi, wayarin, bututun ruwa, sokawe da maganin gara su ne na farko. Tsohuwar wayar da aka sa don fanka da ƙwan fitila ba za ta ɗauki na'urar sanyi da hita a kowane ɗaki ba, kuma a nan gobara ke farawa, a ginin da mutane ke barci ba su san hanyar fita ba. Tun da kuɗin wuta na rukunin Band A, wato masu samun wuta sosai, ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, zaɓen na'ura mai tsimin wuta da tukunyar ruwan zafi ta sola ya zama lissafin riba. Kamfanin da ya kawo maka farashi bai hau rufi ba, bai buɗe akwatin wuta ba, ka sallame shi da girma.

Masu aikin hannunmu fa? Ba na son a karanta wannan a ce na ce a kore su. Kafintoci da masu walda na Fanteka da Sabon Gari suna yin gado da ƙofar da ta fi ta kwantena ƙarko, kuma idan ta samu matsala ga su nan kusa. A rubuta cikin yarjejeniya cewa kamfani zai ɗauke su aiki, ya biya su a kan kari, shi kuma ya ɗauki alhakin abin da suka yi.

Alhaji, Hajiya, idan kuna shirin gyara bana, ku nemi farashi daga kamfani uku a kan takardar aiki iri ɗaya, ku ba masaninku ya duba, kuma kada ku sa hannu sai ranar miƙa makulli da tarar jinkiri sun fito a rubuce.