Kafin ka zaɓi kala, ka fara gwada ƙugiya

A daminar da ta wuce ƙanena, wanda ke koyon zane a kwamfuta, ya dawo gida Gidan Goga da aikin da aka ba su a makaranta: ya tsara fasta da haruffa zalla, babu hoto ko ɗaya, wadda za a ninke ta shiga aljihu. Ya zaɓi ya yi ta a kan amai da gudawa, tunda duk damina sai cutar ta taɓa ƙauyukanmu. Ya yi kwanaki yana zaɓen kala da girman rubutu, sannan ya kai aikin wani shagon buga takardu a Talata Mafara. Da aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar shagon, duk inda ƙ, ɗ da ɓ suke sai ƙananan akwatuna suka fito. Mai shagon bai ga abin damuwa ba. Ya goge akwatunan, ya sa k, d da b, ya buga.

Ra'ayina shi ne, duk mai tsara rubutun Hausa, ɗalibi ne ko mai shago, abu na farko da ya kamata ya duba shi ne ko samfurin haruffan da ya ɗauka, wato abin da ake kira font, yana da haruffanmu masu ƙugiya. Kala da ado duk a bayan wannan suke. Fastar da ta zubar da ƙugiya ba ta kammalu ba, komai kyanta.

Yawanci ana ɗora laifin a kan firinta, alhali matsalar tana cikin samfurin haruffa. A tsarin Unicode, wanda wayoyi da kwamfutoci ke amfani da shi, kowane harafi yana da lambarsa. Ƙaramar ƙ tana da lamba U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ kuma U+0253. Abin lura, ba rukuni ɗaya aka ajiye su ba. Ƙ babba da ƙarama, da manyan Ɗ da Ɓ, suna rukunin ƙarin haruffan Latin, amma ƙananan ɗ da ɓ suna can cikin rukunin alamomin da masana furuci ke amfani da su. Mai zana font a Turai ko Amurka, wanda kasuwarsa Turanci da Faransanci ce, sau da yawa ba ya leƙa waɗannan rukunai. Idan harafin babu, manhaja takan yi ɗayan biyu: ta nuna akwati, ko ta aro harafin daga wani samfurin dabam. Shi ya sa za ka ga allon talla da rubutu mai kauri, amma ƙ ɗin ciki siririya kamar an liƙa ta daga baya.

Na san amsar da za a ba ni, domin mai shagon ma ita ya ba ƙanena: ai Bahaushe zai gane. Akwai gaskiya a ciki. Kullum muna rubutu a WhatsApp babu ƙugiya kuma muna fahimtar juna. Sai dai a hira akwai jimloli gaba da baya da ke taimaka maka, kuma idan ba ka gane ba za ka tambaya. Fasta kalmominta kaɗan ne, kuma wanda ya rubuta ta ba ya nan. Kashi da ƙashi ba abu ɗaya ba ne a takardar lafiya. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, sako da saƙo. Sannan wa muke yi wa fastar? Wanda ya ƙware a karatu zai cike giɓin da kansa. Uwar da ta tsaya a aji huɗu na firamare, ko yaron da aka miƙa wa takardar ya karanta wa mutanen gida, harafi bayan harafi suke bi, kuma su ne suka fi bukatar saƙon.

Waɗannan haruffa ba jiya aka samo su ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma ya nuna waɗannan sautuka. A cikin shekarun 1930 ne aka koma ga ƙugiya, a zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 tare da Abubakar Imam. A lokacin sai an zuba harafi da ƙarfe kafin a buga shi. A shekarun 1980 kuma aka nemi Hermann Zapf, fitaccen mai zana haruffa ɗan ƙasar Jamus, ya yi aiki a kan samfurin da zai ɗauki harsunan Najeriya. Mutanen da ke wahalar narka ƙarfe sun ga ya dace su yi. Mu da danna maɓalli kawai ya rage mana, ba mu da uzuri.

Maganin kuma kyauta ne. Noto na Google, da Andika, Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, duk suna da haruffanmu, kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kuɗi da su. Andika ma don masu koyon karatu aka zana shi. A waya, Gboard yana da allon rubutun Hausa. Gwajin da nake ba kowa shawara bai kai minti ɗaya ba: kafin ka fara aiki, rubuta Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ, ka ƙara Ƴƴ idan takardar za ta shiga Nijar, inda ake rubuta ƴ a madadin 'y. Ka duba su a siriri da mai kauri. Idan ɗaya ta bambanta da 'yan uwanta, ajiye wannan samfurin. In ka gama, kada ka kai wa mai bugawa ɗanyen fayil. A CorelDraw, wanda shi yawancin shagunanmu ke amfani da shi, zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q ya koma zane, ko ka fitar da PDF da haruffan a ciki. Daga nan kwamfutar shago ba ta da ta cewa.

Shi ma ninkin aiki ne na tunani. Takardar A3 milimita 297 ce da 420. Ninki ɗaya ya mai da ita A4, biyu A5, uku A6, wadda ke shiga aljihun riga. Kowane buɗewa mataki ne, don haka abin da ya fi gaggawa shi zai zauna a fuskar farko. A bugu na biyu ƙanena ya sa alamomin haɗari a waje, da umarnin a garzaya asibiti. A ciki ya sa haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A tsarinsa na farko layin ninki ya ratsa ta kan lambar 6. Takardar da ta yi wata guda a aljihu, wurin ninkin ne ke fara cinyewa. Kada lamba ko ƙugiya ta faɗa kan wannan layi.

Wani zai ce me ya kawo zancen takarda a shafin fasaha, ga waya a hannun kowa. Mu a Zamfara mun san amsar. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu kira babu intanet. Manhajojin da ni da ire-irena ke rubutawa ba su amfani kowa a ƙauye ba a lokacin. Takardar da ke aljihu ba ta bukatar caji ko sabis. Kuma tunda a Maradun da Bakura akwai dattawa da mata da yawa da suka fi sakewa da ajami, ya kamata fuska ɗaya ta fastar ta zama tasu. SIL tana da Alkalami, wanda aka zana a kan salon rubutun Kano, da Harmattan, dukansu kyauta.

Roƙona ga malaman da ke koyar da zane shi ne su riƙa rage maki a kan ƙugiyar da ta ɓace, kamar yadda za su rage a kan kuskuren rubutun Turanci. Masu shago kuma su sauke waɗannan samfurori sau ɗaya su huta. Ƙanena ya biya kuɗin bugu sau biyu kafin ya koyi wannan. Yanzu kafin ya taɓa kala, haruffan nan shida yake fara rubutawa.