Ku Daina Ɗora Wa Mai Gyara Laifin 24-bit!

Jama'a, wallahi abin nan ya ishe ni. Mutum ya jona mikisa da waya ta OTG zai ɗauki wa'azi, sauti ya fito shuuu, sai ya taso daga Watari har shagona a Bagwai, wai na lalata masa wajen caji, in biya shi.

Malam, wayarka lafiya lau take! Mikisarka 24-bit take turowa, manhajarka 16-bit take karantawa. 16-bit matakan sauti 65,536 ne, 24-bit sun haura miliyan 16. Ta ina buhu zai shiga tiya?

Shiga Settings ka mayar da su biyun iri ɗaya. Faifan CD ma 16-bit ne, wa ya taɓa raina sautinsa?

Ku riƙa dubawa kafin ku ɓata wa mutum sana'a.