Jirgin roba a Cadakori: a dubi daɓensa kafin a biya kuɗi

Ƙasar Cadakori, cikin gundumar Gidan Runji, ba ƙasar masunta ba ce. Wata tara ko fiye a shekara rairayi ake takawa, amalanke da babur su ne abin hawa. Amma idan damana ta yi nisa, Gulbin Maraɗi ya kawo, kwaruruka da fadamu suka cika, sai a wayi gari ƙauye da kasuwa, ko ƙauye da likita, ruwa ya shiga tsakani. Haka ake fama a yankin Tibiri, haka kuma a wasu sassan Agye da Gazawa. Tsofaffi ba su manta da ambaliyar 1945 ba, wadda ta sa aka tayar da birnin Maraɗi daga kwari zuwa tudu. Yara kuwa sun ga ta 2020 da ta 2024 da idonsu.

Wannan ne ya sa maganar jirgin roba, wanda ake hurawa da famfo, ba ta zama wasa ba, ko ga ɗan kasuwa mai son ƙetarar da kaya, ko ga ma'aikacin da zai sa hannu a takardar sayen kayan agaji. A ƙasashen bakin teku asalin aikinsa ɗan aike ne: babban jirgi ya tsaya nesa da gaɓa, ƙaramin ya yi ta kai mutane da kaya tudu. Kamfanin Zodiac na Faransa ya fara ƙera irinsa a shekarun 1930, sunansa kuma ya bazu bayan wani likita, Alain Bombard, ya ƙetare tekun Atalantika a cikinsa a 1952. Abin da ya dace da wannan yanki shi ne ana naɗe shi a ajiye idan ruwa ya janye, alhali kwale-kwalen katako in ya yi rani a tudu sai ya tsattsage.

Sai dai mai saye yakan tambayi tsawo da farashi, ya manta da inda za a taka. Daɓen jirgi shi ne ke nuna abin da jirgin zai iya ɗauka.

Mafi araha shi ne mai ƴan sirarran katakai da aka jera a gicciye, da tazara tsakaninsu. Ba shi da nauyi, ana naɗe shi kamar tabarma. Amma tsakanin katakan roba ce zalla, ƙafa tana nutsewa, mutum ba ya tsayawa daidai, iska kuma tana karkatar da shi. Ya isa ya kai mutum biyu ko uku ƙetaren ƙaramin tabki. Ba a ɗora masa buhun gero.

Na biyu shi ne daɓen iska. Wani shimfiɗi ne da aka ɗinke samansa da ƙasansa da dubban zaruruwa, a hura shi har ya yi tauri kamar allo. Ƴan talla sun fi yabonsa, kuma ba ƙarya suke yi ba: mutum ɗaya yana iya haɗa shi, yana shiga bayan ƙaramar mota, ga laushi ga marar lafiya. To, amma iskar da yake bukata ta ninka ta jikin jirgin wajen sau uku, saboda haka sai da famfo na musamman mai agogon awo. Ranar da famfon ya ɓata ko ya lalace, a ƙauyen da babu madadinsa, daɓen ya zama katifa. Bugu da ƙari, iska tana kumbura da zafi. Jirgin da aka cika da asuba aka bari a rana a kan yashi, kafin azahar ɗinkinsa na iya buɗewa. Ga kuma abin da za a loda: bakin hauya, kofaton akuya, ƙafar babur, kusurwar akwatin ƙarfe. Kowanne daga cikinsu yana iya huda shi, kuma gam ɗin mai facin taya ba ya kama irin wannan roba, tana da nata dabam.

Na uku shi ne daɓe mai tauri, wato faifai uku zuwa biyar na katako ko na aluminiyam, irin ƙarfen da ake zuba tukunyar dalma da shi, a jera su a ɗaure gefensu da sanduna. Yana da nauyi, haɗa shi yana cin lokaci, sai mutum biyu da suka saba. Wannan shi ne aibinsa, kuma ba ƙarami ba ne ga mai gaggawa. Amma a kansa ne ake jera buhuna, a kansa ake shimfiɗa mai naƙuda, a kansa mai tuƙi ke tsayawa da gora yana turawa inda ruwa bai kai zurfin inji ba. Nauyin nan nasa kuma yana zaunar da jirgi idan ruwa na gudu.

Tsakanin katako da aluminiyam akwai abin dubawa. Aluminiyam ba ya ruɓa, gara ba ta cinsa, sai dai rana tana gasa shi har ya gagari ƙafar da ba takalmi, in kuma ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. Katako yana son fenti kowace shekara, amma kafinta a Maraɗi ko Gidan Runji zai iya auna faifan da ya karye ya yanka wani, muddin an samu katakon da ke jure ruwa. Ga garin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga dillalin jiragen ruwa, wannan ya fi kowace kwalliya. Abu ɗaya ne ba a yi masa sakaci: yashi yana shiga ƙarƙashin faifan, ya riƙa goge robar kamar zarto. Dole a cire su a wanke bayan aiki.

Akwai na huɗu, mai ƙasan gilashin roba da ba ya naɗuwa. Wannan na manyan ruwaye ne irin kogin Kwara a Yamai, yana bukatar tirela da inji babba. A gonar da ruwa ya shanye ba shi da aiki.

Saboda haka, ga ruwan wannan yanki, mai laka, marar zurfi, cike da kututturen kara da ƙayar bagaruwa da aduwa, daɓen katako shi ne ya fi dacewa da ɗan kasuwa da ma'aikatar magajin gari. Daɓen iska a bar wa ƴan kwana-kwana, waɗanda aikinsu su isa da sauri su ɗauko mutum, kuma suna da wanda ke kula da kayan. Sai dai a sani, daɓe kowane iri ne daga ciki yake. Ba ya kare ƙasan jirgi daga ƙaya. Wannan sai a nemi mai kaurin ƙasa, kuma a ɗaga jirgi a bakin gaɓa maimakon a ja shi.

Ma'aikacin da ke rubuta takardar oda ya kamata ya ambaci irin daɓen da sunansa, domin in ya rubuta «jirgin roba» kurum, ɗan kwangila mafi arahar zai kawo. Ya sa famfo biyu, da gam da ƙyallen faci na asali, da rigunan ceto daidai da yawan mutane. Ya kuma tambayi irin robar: PVC ta fi sauƙin kuɗi, amma wadda aka sani da sunan Hypalon ta fi jure rana. A jikin allon baya akwai ɗan faranti da maƙera suka rubuta iyakar mutane da nauyin kaya. Ranar kasuwa, fasinja na roƙo, wannan lamba ce ake fara mantawa da ita, buhun gero ɗaya kuwa ya fi babban mutum nauyi.

Sauran aikin na rani ne. A wanke jirgin, a shanya shi a inuwa, a naɗe, a rataye nesa da ƙasa, kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da hatsi, don ɓera ba ya barin roba. A fito da shi a hura cikin watan Yuni, a bar shi ya kwana, a ga ko yana sace iska.