Sunan jariri: a bar wa kakanni gurbinsu, daɗin kunne ya koma laƙabi

A gidajen matasan ma'aurata na Yamai, Maraɗi da Damagaram, wani salo ya samu gindin zama: in ɗan fari Amir ne, ta biyu Amira za a sa mata, na uku kuma a shiga Facebook neman sunan da ya fara da harafi ɗaya. Uban da ke ci-rani a Aljeriya ko Faransa yakan turo zaɓinsa ta WhatsApp tun kafin ranar bakwai, kaka kuwa sai da bakin liman take jin sunan jikanta.

Son sunayen ƴan uwa su dace da juna ba laifi ba ne. Hasan da Husaini, jikokin Manzon Allah (SAW), misali ne da kowa ya sani. Bahaushe ma ya daɗe da nasa tsarin, sai dai shi ma'ana yake bi. Wanda ya biyo bayan tagwaye Gambo ne. Namijin da ya zo bayan mata Tanko, macen da ta zo bayan maza Kande. Ladi da Ɗanjuma suna faɗin ranar haihuwarsu, Azumi tana faɗin wata, Nomau yana tuna lokacin noma. Wanda ya ji waɗannan sunaye a gida ɗaya ya san tarihin gidan ba tare da ya yi tambaya ba. Amir da Amira kuwa, abin da kawai suke nunawa shi ne iyayen na son harafin A.

Akwai asarar da ta fi wannan. Mafi yawan iyalan Hausawa ba su da sunan dangi da ake gada kamar na Turawa. Sunan uba ne ke bin na yaro a takarda, don haka sunan kaka yakan ɓace a zuri'a ta gaba in ba a mayar wa jika ba. Mayar da suna shi ne rajistar dangi. Yaron da aka haifa a Abijan ko Marsai, wanda wataƙila bai taɓa taka Tasawa ba, sunan kakansa na iya zama igiyar da ta fi ƙarfi tsakaninsa da gida.

Matasa na da hujjarsu: gida ya cika da Mahamadu da A'ishatu, kuma alkunya ta hana uwa kiran sunan surukinta. Amma al'ada ta riga ta warware wannan. Akwai sunan yanka, akwai laƙabi. Shi ya sa ake da Abba da Ummi a kusan kowane gida. A raɗa wa yarinya Zainabu don kakarta, a riƙa kiranta Amira don ta dace da yayanta, kowa ya samu nasa. In an mayar wa dangin uba a ɗan fari, adalci shi ne a tuna da dangin uwa a na gaba.

Sai batun rubutu, wanda ƴan ci-rani suka fi kowa sanin zafinsa. Suna ɗaya yakan fito Aïchatou a Nijar, Aisha a Najeriya. Idan sunan uba ya zama Mahamadou a takardar haihuwar wa, ya zama Mohamed a ta ƙane, wata rana a ofishin jakadanci sai an sha wahala kafin a yarda uba ɗaya ya haife su. Dacewar da ta fi muhimmanci ke nan: iyaye su tsai da rubutu ɗaya, su duba shi harafi-harafi a ma'aikatar magajin gari kafin su karɓi takarda.

Kwana bakwai sun isa a tambayi malami ma'anar suna, a kira tsofaffi a ji ra'ayinsu. Ragon suna kwana biyu ne ya ƙare, yayi ma yakan wuce, amma yaron shi zai amsa sunan har tsufansa, kuma shi ƴaƴansa za su ɗauka a bayan nasu.