Tafiyar Dare Zuwa Gida Hutun Sallah: Mu Ma Muna Da Ta Cewa

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani abu da ke samunmu kowace shekara, watau tafiyar dare da ake yi da mu zuwa gida idan Sallah ta gabato ko kuwa an ba da hutun makaranta.

Duk wadda aure ko karatu ya kai ta Ikko, ko Fatakwal, ko Abuja, ta san yadda abin yake. Za a je tasha da la'asar, ɗan kamasho ya rantse cewa saura mutum biyu mota ta tashi, amma ba za ta cika ba sai bayan isha'i. A cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, a ɗora wa uwa yara biyu a cinya bayan na goye, buhu a ƙarƙashin ƙafa. Haka za a kwana zaune, ga kukan yara, ga tsayawa a shingayen bincike, in kuwa taya ta yi faci a dokar daji sai a jira gari ya waye. A isa gida ƙafa a kumbure, yara da zazzaɓi, uwa ta yi Sallah a kwance. Wannan ma ga waɗanda Allah ya kai su lafiya ke nan.

Ba wanda zai ce kada a je gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma tsofaffinmu suna da hakkin su ga jikokinsu. Abin tambaya shi ne, me ya sa sai da dare? Jama'a ba wauta ce ke sa su haka ba, akwai dalilai, kuma sai mun san su kafin mu san maganinsu.

Dalili na farko shi ne ƙarancin kwanaki. Hutun da Gwamnatin Tarayya kan bayar na Sallah yawanci kwana biyu ne, sanarwarsa kuma takan fito ana saura 'yan kwanaki. Daga Ikko zuwa Kano kuwa tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye, daga Abuja zuwa Kano ta haura kilomita 400. Ma'aikacin da ya tashi aiki da yamma, gobe jajibere, yana ganin ba shi da wata dabara sai ya kwashi iyali ya bi dare. Ɗan kasuwa shi ma ba ya so ya rufe rumfa alhali ciniki ya buɗe.

Na biyu shi ne kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a Kano da Abuja cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. Kuɗin mota ya bi sahu. Maigida sai ya lissafa cewa in aka yada zango a hanya akwai kuɗin masauki da na abinci, in kuwa aka kwana a mota an huta da wannan. Direba ma nasa lissafin yake yi. Kwanakin Sallah su ne kakarsa, saboda haka yana sauke fasinja sai ya sake lodi ya juya, ba tare da ya runtsa ba, yana taunar goro yana kurɓar shayi. Wasu ma har ƙwaya suke haɗawa da ita don su kori barci.

Na uku, in ƙaramar Sallah ce, ana cikin azumi, kuma akwai shekarun da azumi yake faɗowa a bazara. Kowa yana gudun zafin rana da ƙishirwa, sai a ce bari a sha ruwa tukuna a kama hanya da sanyi.

Na huɗu, ba wata hanyar da talaka zai zaɓa. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma iyayenmu sun daɗe suna hawansa zuwa Kudu. Yana da nawa ƙwarai, amma mace tana iya miƙe ƙafa, ta kewaya, ta shimfiɗa wa yaro zane ya kwanta. Da harkar jirgin ta ja baya, sai kaya da mutane duka suka dawo kan titi, ƙananan motoci suna gogayya da tireloli da tankokin mai. Jirgin sama kuwa ba na mai 'ya'ya biyar ba ne.

To, mu duba abin da ake saye da wannan arahar. Barci ba a cin bashinsa a zauna lafiya. Ranar 31 ga Mayu, 2025, wata bas da ta ɗauko tawagar 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura kaɗan su shigo gida, mutum fiye da 20 suka rasu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ambaci gajiyar tafiyar dare da gudu cikin abin da take zaton ya jawo haɗarin. Allah ya jiƙansu. Wannan hukuma ta daɗe tana gargaɗi a kan tafiyar dare, domin direba ba ya hango rami ko tirelar da ta mace a tsakiyar titi ba fitila, kuma in abu ya faru masu kawo agaji sukan yi nisa.

Sai kuma rashin tsaro. Hausawa sun ce dare rigar mugu. Harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, da dare aka kai shi, aka kashe mutane, aka tafi da wasu daji har da mata da ƙananan yara, jirgin bai koma aiki ba sai a Disamba na shekarar. A watan Yuni na 2025 kuma wasu 'yan ɗaurin aure da suka taso daga Zariya suka ɓata hanya da dare a yankin Mangu na Jihar Filato, aka far musu, mutum fiye da goma suka rasa rayukansu. Baƙon da ke tambayar hanya da rana, kowa na ganin fuskarsa. Da dare kuwa, a wurin da ake zaman ɗar-ɗar, zargi ke riga tambaya.

Hanyar ma kanta ba ta da alkawari. A Oktoba na 2022 ambaliya ta rufe titin Lakwaja zuwa Abuja wajen Kotonkarfe, motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya. Wadda ta fito da guzurin dare ɗaya, da nono ɗaya da ruwa gora ɗaya, yaya za ta yi da yara a irin wannan hali?

A nan ne nake so mu lura, 'yan'uwa. Maigida da direba su ke tsayar da lokacin tashi, amma mace ke ɗaukar mafi yawan wahalar. In mota ta tsaya a bakin daji, namiji ya sauka ya juya baya ya gama uzurinsa. Mace kuwa kunya da tsoro sun hana ta, saboda haka da yawa daga cikinmu kan ƙi shan ruwa tun daga tasha, alhali riƙe fitsari da ƙarancin ruwa suna jawo ciwon mara, balle ga mai ciki ko mai shayarwa. Mai tsohon ciki da ta kwana zaune ƙafa a lanƙwashe tana cikin haɗarin da ba a gani da ido. Yarinya 'yar makarantar kwana da mota ta sauke a tasha ƙarfe uku na dare, ba wanda ya zo tarbarta, ita kaɗai ta san abin da take ji da wanda take gani. Mu malamai mukan ji labarin bayan an dawo hutu, kuma wanda ba a faɗa mana ba ya fi yawa.

Tun da mu ne a ciki, ya kamata a ji ta bakinmu, kuma wurin maganar shi ne cikin ɗaki tun Sallah na da saura wata guda. In an riga an isa tasha, bakin alƙalami ya bushe. Uwargida ki samu maigida lokacin da hankalinsa ke kwance, ki kawo masa shawara cikin ladabi. In aiki ya riƙe shi, ke da yara ku riga shi tafiya da kwana uku ko huɗu tare da wani ɗan'uwa amintacce, a motar asuba, kafin kuɗin mota ya tashi. Ki fara tara kuɗin tun da wuri, ko da ta adashe ne, don kada jiran albashi ya tura ku jajibere. In tafiyar ta fi ta yini guda, a raba ta biyu, a kwana wurin dangi a Ilori ko Lakwaja ko Kaduna, zumunci ma ya ƙaru. In kuwa abin bai samu ba bana, ba laifi a yi Sallah inda ake, a je gida bayan Sallah sa'ad da hanya ta yi sauƙi. Iyaye sun fi son ganinku a makare da a kawo musu mummunan labari.

In tafiya ta kama dole, a shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wayar danginsa, kada a tari ta bakin hanya don ragin Naira kaɗan. A sanar da na gida lambar motar da lokacin tashi, waya kuma ta kasance da caji. A riƙe ruwa da guzuri fiye da na dare ɗaya. In kin ga direba na gyangyaɗi ko yana gudun wuce sa'a, ki yi magana, ki ce, "Malam direba, don Allah a tsaya a huta, da yara a motar nan." Sau da yawa kowa na jin tsoro, jira ake wani ya fara. Kunya adon mace ce, amma ba a wurin da rai ke hannun mai barci ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ranar da aka ba da hutu ban da yawon kasuwa da sallamar ƙawaye har rana ta yi. Ku kama motar farko, ku tafi a ƙungiya da 'yan garinku, kada ku yarda da wanda ya ce zai rage muku hanya. Wadda dare ya yi mata, ta koma wurin shugabar makaranta ko uwar ɗakin kwana ta kwana, gobe ma rana ce.

Hukuma ita ma da nata. Shugabannin makarantun kwana su riƙa sallamar yara da sassafe, su kuma sanar da iyaye ranar tun da wuri. Ƙungiyar direbobi ta hana wanda ya kwana a hanya sake lodi sai ya yi barci, doguwar tafiya kuma a sa direba biyu. Ƙananan hukumomi su gina makewayi na mata mai ruwa da fitila a tasoshi da wuraren da motoci ke yada zango. A Disamba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta rage rabin kuɗin manyan bas a wasu hanyoyi, ta kuma sa jirgin ƙasa kyauta na kwanakin bikin ƙarshen shekara, wanda ya nuna cewa sauƙaƙa wa matafiya abu ne mai yiwuwa. In aka haɗa irin wannan da biyan albashi a kan kari da sanar da hutu da wuri, masu bin dare za su ragu.

Kafin hukuma ta motsa dai, namu ya rage gare mu. Ki duba kalanda yau, ki ƙirga kwanakin da suka rage, ki tayar da maganar a daren nan bayan an ci tuwo. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya dawo da shi lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.