Jariri Mai Kumburi: Ba Laifin Uwa Ba Ne

Jama'a, akwai wata cuta da ake haihuwar yaro da ita, ta bayyana kafin ya cika wata 3. Ƙodarsa mai tace jini sai ta zama kamar yagaggiyar rariya, furotin na jini ya riƙa tsiyaya cikin fitsari. Daga nan fuska da ciki da ƙafafu su kumbura, kowane ciwo ya zo ya same shi ba garkuwa.

A ƙasar Finlan aka fi saninta, inda takan kama jariri 1 cikin kimanin 8,000. Likita Niilo Hallman da abokan aikinsa suka bayyana ta cikin 1956. A 1998 kuma Karl Tryggvason da mutanensa suka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita, alhali su lafiyarsu lau, sa'an nan kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na kamuwa. To, ina laifin nonon uwa? Ina hannun maye? Masu auren zumunci ma su lura, gama irin wannan gado ya fi haɗuwa tsakanin dangi.

Da can yawancin yaran nan ba su kai shekara 2. Mutanen Finlan ba su naɗe hannu ba. Tun shekarun 1980, a asibitin yara na Helsinki, ana ƙara wa yaro furotin ta jijiya, a ciyar da shi sosai, a cire ƙodojin, a yi ta wankin ƙoda har ya kai wajen kilo 10, kana a dasa masa wata. Yau galibinsu suna rayuwa, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.

Wani zai ce wannan sai ƙasa mai arziki. Gaskiya ne dashen ƙoda yana da tsada. Amma ba duka kumburin nan ne na gado ba. Tunjere da uwa ta sa wa ɗan cikinta yana kawo shi, allurar fenisilin kuwa tana warkar da wannan. Gwajin jinin mai ciki da gwajin fitsarin jariri ba su fi ƙarfin kowace hukuma ba.

Saboda haka muna kira a wadata kowane ɗakin awon ciki da gwajin nan biyu, kyauta. Iyaye kuma, in jariri ya kumbura, a kai shi asibiti ran nan, a bar zargin uwarsa. Rigakafi ya fi magani.